Maƙalewar Ƙwai da Cututtukan da Ke Kama da Ita a Kajin Gida: Ganewa da Magani

Tsakure

Kaza mai ƙwai da ta kumbura ciki, ta daina kiwo, ta koma gefe tana yunƙuri, hukunci ɗaya aka saba yanke mata a gida: ƙwai ya maƙale. Wannan maƙala ta bayyana cewa cututtuka da dama ne ke zuwa da wannan kama, biyu daga cikinsu ne kaɗai ake iya magancewa a gida, kuma ido da yatsa sun isa su rarrabe mafi yawansu kafin a kashe kuɗi a kan magani.

1.0 Gabatarwa

Kiwon kaji a tsakar gida tsohuwar sana'a ce a ƙasar Hausa, kuma galibi dukiyar mata ce da yara. Kazar gida, wadda ake kira kazar Hausa, takan yi ƙwai goma zuwa goma sha biyar, ta yi kwanci na kwana 21, ta ƙyanƙyashe, ta yi renon tsakinta, sannan ta dawo saka ƙwai. A shekara ba ta cika wuce ƙwai 40 zuwa 60 ba. Wannan hutu da kwanci da reno ke ba ta shi ne kariyar da jikinta yake da ita.

Yanzu akurkin gida ya sauya. Akwai kajin gidan gona irin su ISA Brown, waɗanda aka tsara jininsu don su yi ƙwai kusan 300 a shekara ba tare da kwanci ba. Akwai ShikaBrown, wadda Cibiyar Binciken Kiwon Dabbobi ta Ƙasa da ke Shika, Zariya, ta samar, da Noiler da FUNAAB Alpha da aka yi domin ƙananan masu kiwo. Akwai kuma tsofaffin kajin ƙwai da gonaki ke sayarwa bayan sun yi wajen shekara ɗaya da rabi, waɗanda wasu gidaje ke saye don yanka, amma da an ga suna ci gaba da saka ƙwai sai a fasa, a bar su a tsakar gida. Duk waɗannan kaji ana ciyar da su yadda aka saba ciyar da kazar Hausa, da dusa da tsaba da ragowar tuwo, alhali aikin da ke kansu ya ninka nata sau biyar ko fiye. Daga wannan giɓi ne akasarin cututtukan hanyar ƙwai suke fitowa.

2.0 Yadda Ƙwai Ke Samuwa

Kaza tana da gidan ƙwai ɗaya tak mai aiki, na ɓangaren hagu. Na dama yakan shanye tun tana cikin ƙwai. Duk wadda ta taɓa gyara kaza mai ƙwai ta san shi: tarin gwaiduwa ne manya da ƙanana, liƙe a jikin baya. Idan gwaiduwa ta nuna sai ta saki, wani buɗaɗɗen baki mai kama da mazurari ya cafe ta, ta shiga bututun ƙwai, wanda tsawonsa ya kai santimita 60 zuwa 70. A sashe na farko mai tsawo takan yi kimanin awa uku ana lulluɓe ta da farin ƙwai. Daga nan ta ɗan wuce awa ɗaya a inda ake yi mata tantani biyu, sannan ta sauka cikin jakar ɓawo, inda take daɗewa kusan awa 20. Tafiyar gaba ɗaya awa 24 zuwa 26 ce, kuma mafi yawan ginin ɓawo da dare ake yin sa, lokacin da kaza ba ta cin abinci.

Ɓawon ƙwai guda yana ɗauke da kimanin giram biyu na sinadarin kalsiyam. Tun da yake ba duk abin da kaza ta ci jikinta ke sha ba, tana buƙatar wajen giram huɗu a kowace rana, shi ya sa abincin kajin ƙwai na kamfani yake ɗauke da kashi uku da rabi zuwa huɗu cikin ɗari na wannan sinadari. Masara da dawa da gero kuwa kusan babu shi a cikinsu: kazar da ta cika ciki da tsaba zalla ba ta samu abin da ya wuce kashi ɗaya ko biyu cikin ɗari na buƙatarta ba. Dusa ma ba ta cike gurbin. Sauran sai jiki ya ciro daga ƙashi, kuma ƙashi rumbu ne mai iyaka.

Abin da ba a cika sani ba shi ne, wannan sinadari da ake gina ɓawo da shi, shi ne kuma tsoka take buƙata don ta matse. Saboda haka kazar da kalsiyam ya yi wa ƙaranci asara biyu take yi lokaci guda: ɓawon ƙwanta ya yi laushi, ƙarfin turo shi kuma ya ragu. Ƙwai mai laushi ya fi mai tauri wuyar fita, domin yana lotsawa a duk inda tsoka ta matsa shi.

3.0 Dubawa Kafin Magani

Matakin farko shi ne a tabbatar ko kazar tana cikin saka ƙwai ma tukuna. Mai saka ƙwai zankonta ja ne, cike, mai sheƙi. Duburarta faffaɗa ce mai danshi. Kuma tsakanin ƙasusuwa biyu masu tsini da ke gefen dubura yatsu biyu ko uku suna shiga. Wadda ta daina, zankonta ya yanƙwane ya koɗe, duburarta ta bushe ta tsuke, yatsa ɗaya ne kawai ke shiga tsakanin ƙasusuwan. Kazar da ta nuna waɗannan alamomi na biyu ta yi makonni ba ta yi ƙwai ba, don haka kumburin cikinta ba na maƙalewar jiya ko shekaranjiya ba ne. A nan ya kamata a ware wasu halaye biyu da ba cuta ba ne. Mai kwanci takan liƙe a maƙwancinta, ta buɗa gashi, ta yi tsiwa idan an taɓa ta, amma idonta garau, cikinta lafiya. Mai sauya gashi ita ma takan dakatar da ƙwai har sabon gashi ya fito.

Mataki na biyu shi ne tambayar lokaci. Maƙalewar ƙwai farat ɗaya take zuwa: kazar da ta yi ƙwai jiya, yau tana shiga maƙwanci tana fita ba komai, tana ɗaga wutsiya tana saukewa, tana yunƙuri, kashinta ya ragu ko ya tsaya. Sauran cututtukan a hankali suke ci, har ƙashin ƙirji ya fito kamar wuƙa alhali ciki yana ƙara girma.

Na uku shi ne taɓawa. A riƙe kaza a hankali, a lalubi cikin tsakanin ƙarshen ƙashin ƙirji da dubura. Abu mai tauri, mai santsi, mai siffar ƙwai, kusa da dubura, ƙwai ne. Ciki mai taushi da ke motsi kamar salka, ruwa ne. Ciki mai tauri kamar ƙullin fulawa, ko mai dunƙule-dunƙule marar siffa, yana nuni ga tarin mugunya ko ƙari. Kurakurai biyu ake yawan yi a nan. Ƙundu ma yana da tauri, yana zaune ƙasa ta gefen hagu, kuma wanda bai saba ba yakan ɗauke shi ƙwai. Sannan lafiyayyar kaza ma da yamma akwai ƙwai a jakar ɓawonta, na gobe da safe. Jin ƙwai kaɗai ba hujja ba ce sai an haɗa da yunƙuri da rashin kuzari. Idan shakka ta rage, a sa safar hannu, a shafa mai a yatsa, a zura shi cikin dubura kamar gaɓa ɗaya zuwa biyu, yana kallon sama. Ƙwan da ya maƙale a ƙarshen hanya yatsa zai taɓa shi.

4.0 Waɗanda Ake Iya Magancewa a Gida

4.1 Maƙalewar ƙwai

Banda ƙarancin kalsiyam, abubuwan da ke jawo ta sun haɗa da ƙiba, da ƙwai mai girma ko mai gwaiduwa biyu, da fara saka ƙwai kafin jiki ya ƙosa. Haɗarinta na gaggawa ne, domin ƙwan yana toshe hanyar kashi, yana kuma danne jijiyoyin jini da na ƙafa, har wata kaza ta kasa tsayuwa. Idan ba a yi komai ba tana iya mutuwa cikin kwana ɗaya ko biyu.

Abin da ake yi shi ne a fara ba ta ruwa da kalsiyam ta baki. Ƙwayar kalsiyam ta mutane da aka daka aka jiƙa tana yi, a ɗiga a gefen baki kaɗan-kaɗan don kada ta shaƙe. Sannan a zaunar da rabin jikinta na baya cikin ruwan ɗumi, wanda hannu ke jurewa ba ƙuna, na minti 15 zuwa 20. A tsane ta sosai, musamman da hunturu, a shafa man gyaɗa ko basilin a dubura da ɗan cikinta, a ajiye ta a kwando ko kwali a wuri mai duhu da ɗumi, ba hayaniya. Ana iya maimaitawa bayan awa biyu ko uku. Kazar da ta galabaita ƙwarai ba a saka ta a ruwa, ɗumi da kalsiyam kawai za a ba ta.

Abin da ba a yi ya fi wannan muhimmanci. Ba a matse ciki da ƙarfi, ba a zura tsinke ko cokali, ba a fasa ƙwan da gangan. Fasasshen ɓawo yana yanka bututu, gwaiduwar da ta zube kuma abinci ce ga ƙwayoyin cuta. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Idan yini ya wuce ƙwai bai fito ba, aikin ya zama na likitan dabbobi, wanda zai iya yin allurar kalsiyam, ko ya zuƙe ruwan ƙwan da sirinji ya fitar da ɓawon a hankali. Asibitocin koyarwa na dabbobi a jami'o'in Zariya da Sakkwato da Maiduguri suna karɓar kaji, haka ma asibitocin dabbobi na jihohi.

4.2 Fitar baya

A duk lokacin da kaza za ta saka ƙwai, ƙarshen bututun yana ɗan juyowa waje ta dubura, ya ajiye ƙwan, ya koma. Da haka ne ƙwai yake fitowa bai taɓa kashi ba. Idan tsokar ta gaji ko ta yage, sai jan naman ya tsaya a waje. An fi ganin haka ga sagarar da ta fara ƙwai da wuri, da kuma kaza mai kitse. Hasken da ya kai awa 14 zuwa 16 a rana yana zaburar da gidan ƙwai, alhali tsawon yini a ƙasar Hausa bai cika kaiwa awa 13 ba. Fitilar sola da ake bari a kunne a tsakar gida har asuba tana iya tura sagara ga ƙwai kafin ta kai mako 18 zuwa 20 da ya kamata, ƙugunta bai gama buɗewa ba.

Abin da ke kashe irin wannan kaza sau da yawa 'yan'uwanta ne, domin kaji ba sa ganin jan nama su ƙyale. Sukan yi ta sara har su jawo hanji. Don haka ware ta shi ne farko. A wanke naman da ruwan ɗumi mai ɗan gishiri, a shafa zuma ko a barbaɗa sukari na ɗan lokaci don kumburin ya sace, a shafa mai, a mayar da shi ciki da yatsa a hankali, a riƙe na ɗan lokaci. Sai kuma a dakatar da ƙwai, domin ƙwan gobe zai sake turo abin da aka mayar yau: a ajiye ta a duhu, hasken da take gani kada ya wuce awa takwas a rana, har mako guda ko fiye. Idan naman ya yi baƙi, ko ya yage, ko ya ƙi zama bayan an mayar sau biyu ko uku, sai ɗinkin likita ko yanka. Wadda ta taɓa yi ma tana yawan maimaitawa.

5.0 Waɗanda Suka Fi Ƙarfin Ruwan Ɗumi

A tsohuwar kazar gidan gona, ciki mai kumburi ya fi zama ɗaya daga cikin cututtuka uku, kuma dukkansu daga waje kamarsu ɗaya: kaza ta tsaya a miƙe, ƙirji sama, gindi yana jan ƙasa, tana tafiya da ƙafafu a buɗe kamar agwagwa, numfashi yana yi mata wuya.

Ta farko ita ce zubar gwaiduwa a cikin ciki. Wani lokaci mazurarin nan yakan kuskure gwaiduwa, ko bututu ya yi aiki a juye ya mayar da ita baya, sai ta faɗa tsakanin hanji. Guda ɗaya jiki yana iya shanyewa. Idan abin ya yawaita, ko bakteriyar E. coli ta hauro daga dubura ta same ta, sai tantanin ciki ya kumbura, ruwa ya taru. Irin wannan kaza takan shiga maƙwanci kullum, har ta yi kyarkyara, amma ba a ganin ƙwai.

Ta biyu ita ce kumburin bututun ƙwai, wanda E. coli da wasu ƙwayoyin cutar numfashi ke haddasawa. Mugunyar tsuntsu ba ruwa-ruwa take ba kamar ta akuya ko ta mutum. Daskarewa take yi kamar cuku. Takan taru a bututu, rufi bisa rufi, haɗe da tantani da guntun ƙwai, har wata rana kaza ta saka wani dunƙule mai kama da nama ko dafaffen ƙwai, wanda idan aka yanka shi za a ga zobe-zobe irin na albasa. Ganin wannan dunƙule shaida ce cewa cutar ta daɗe. Maganin kashe bakteriya ba ya ratsa daskararriyar mugunya, shi ya sa kaza takan ɗan farfaɗo ta sake komawa.

Ta uku ita ce ciwon daji na gidan ƙwai ko na bututu. Kaza tana cikin 'yan halittun da wannan daji yake kamawa da kansa, musamman daga shekara biyu zuwa sama, har masu binciken dajin mata suna amfani da ita a nazarinsu. Ana danganta shi da yawan sakin gwaiduwa ba hutu. Ba shi da magani. Likita yana iya zuƙe ruwan cikin don numfashi ya yi sauƙi, amma ruwan yana dawowa.

A Turai da Amurka, inda wasu ke riƙon kaza a matsayin abar sha'awa, ana yi wa irin waɗannan kaji tiyatar cire bututu, ko a dasa musu sinadarin deslorelin a ƙarƙashin fata don ya tsayar da ƙwai na wasu watanni. Sinadarin ba a amince da shi ga dabbar da za a ci namanta ko ƙwanta ba, kuma kuɗinsa ya ninka kuɗin kazar. Ga mai kiwo don abinci da cefane, gane cewa cutar ba ta warkewa shi ne amfanin dubawar, domin ya hana ta zuba kuɗi inda ba za su dawo ba.

6.0 Idan Ba Kaza Ɗaya Ba Ce

Duk abin da ya gabata na kaza guda ne. Idan kaji da yawa suka rage ƙwai tare, ko ɓawonsu ya lalace tare, sai a dubi yanayi da annoba. Da bazara, lokacin da zafi ke wuce digiri 40 a Sakkwato da Maiduguri, kaza tana haki don ta huce, hakin kuma yana fitar da iskar da jiki ke buƙata wajen haɗa ɓawo. Ga shi kuma ta rage cin abinci. Sakamakon shi ne ƙananan ƙwai masu siririn ɓawo. Inuwa da ruwan sanyi da ciyarwa da sassafe da yamma suna gyara wannan.

Ƙwai mai ɓawo a yamutse, farinsa ya tsinke kamar ruwa, tare da tari da atishawa, alamar cutar mashaƙo ce ta kaji. Tsakon da ta kama tun yana ƙarami bututunsa yana iya lalacewa har abada. Idan kuma kaji suna lafiya garau amma launin ɓawo ya koɗe, ya yi laushi ko ya ɓace ɗungum, ana zargin cutar faɗuwar ƙwai da aka fara bayyanawa a Holan a 1976, wadda asalin masu ɗauke da ita agwagi ne da dinya, abin lura ga gidan da ke haɗa kaji da agwagi a kasko ɗaya. Cutar Niyukasil, wadda ta fi tsanani da hunturu, tana zuwa da koren zawo da murɗewar wuya da mace-mace. Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom tana yin rigakafinta, har da nau'in I-2 mai jure zafi da ake ɗigawa a ido duk wata uku zuwa huɗu. Tsayawar ƙwai farat ɗaya tare da zanko mai shuɗi da mutuwar kaji da yawa cikin kwana ɗaya ko biyu kuwa, a ɗauke shi murar tsuntsaye har sai an tabbatar da akasin haka. An fara tabbatar da nau'inta na H5N1 a Afirka a Jihar Kaduna cikin Fabrairun 2006, a watan kuma aka same ta a Magarya ta Jamhuriyar Nijar. Tana kama mutane. Ba a yanka, ba a sayarwa, ofishin lafiyar dabbobi ake sanarwa.

7.0 Batun Magunguna da Abinci

An saba, da kaza ta yi laushi, a buɗe kafson mutane, musamman ja da yalo, a zuba a ruwan sha, ko a jiƙa ɓawon maɗaci da barkono. Babu ɗaya daga ciki da ke motsa ƙwan da ya maƙale, ko ya mayar da naman da ya fito. Ja da yalo, wato tetarasaikilin, kalsiyam ma yana ɗaure shi a hanji ya rage amfaninsa, wasu magungunan salfa kuma suna sirantar da ɓawo. Maganin bakteriya yana da gurbi a farkon kumburin bututu, ko bayan ƙwai ya fashe a ciki, amma likita ne zai zaɓa, shi ne kuma zai faɗi kwanakin da za a zubar da ƙwan kazar, domin maganin yana sauka cikin gwaiduwar da yara za su ci. Kuloramfenikol da furazolidon ƙasashe da yawa sun haramta su ga duk dabbar da ake ci.

Abin da ya fi kafso araha shi ne kasko na dabam da aka zuba dakakken ɓawon ƙwai da aka gasa, ko ɓawon katantanwa, ko tsakuwar farar ƙasa irin ta abincin kaji. A bar shi da ɗan tsakuwa-tsakuwa, kada a mayar da shi gari, domin manyan ɓarɓashi suna daɗewa a ƙundu, suna narkewa cikin dare lokacin da ake gina ɓawo. Kaza takan ɗiba gwargwadon buƙatarta. Tana kuma buƙatar rana don jikinta ya samar da bitamin D, wanda ba ta iya shan kalsiyam sai da shi.

Idan aka yanke shawarar yanka, a buɗe cikin a duba kafin a kai tukunya. Ruwa mai wari da gutsattsarin abu kamar dafaffiyar gwaiduwa a kan hanji, ko bututu cike da cuku, ko farare-fararen ƙuraje masu tauri a kan hanji da gidan ƙwai, duk suna nufin naman bai dace da ci ba. A binne shi da zurfi inda kare ba zai tono ba. Idan kuwa abin da aka tarar kitse ne mai kauri, rawaya, ya lulluɓe ciki, hanta ta koɗe tana marmashewa a hannu, to sauran kajin akurkin suna cin tsaba fiye da kima, kuma su ne ya kamata a sauya wa abinci tun daga ranar.